Kunne, Ƙirji da Tukku: Yadda Ake Tantance Karen Teku a Tsibirin Marion

A tsibirin Marion, can cikin tekun kudu, sama da kilomita 2,000 daga birnin Cape Town, akwai wani aiki da ake yi da ido da ƙafa da fensir. Tsibirin yana hannun Afirka ta Kudu tun ƙarshen 1947. Babu gari a kansa, babu bishiya ko ɗaya, sai tashar bincike da 'yan bukkokin da aka kakkafa a kewayen gaɓa don mai tafiya ya samu makwanci. Ruwan sama kusan kullum ne, iska kuwa ba ta san hutu ba. Sau ɗaya a shekara jirgin ruwan SA Agulhas II ke kawo sababbin ma'aikata ya kwashe na bara, kuma duk wanda ya sauka sai ya haura shekara kafin ya sake ganin gida. Cikinsu akwai 'yan ƙalilan da Jami'ar Pretoria ke turowa. Aikinsu su bi bakin teku da ƙafa, su duba dabbobin da ke kwance a kan duwatsu, su rubuta wane iri ne, nawa ne, a ina, kuma yaushe.

Dabbar ita ce sil, wadda za mu kira karen teku a nan. Ba ayu ba ne, ba kuma karen ruwan da ke kogunanmu ba. A teku yake kiwo, amma sai ya hau tudu yake haihuwa da shayarwa. Baƙo in ya tsaya a bakin gaɓa abin da zai gani tarin jikuna ne masu duhu, ga wari, ga ihu, ya ce ai duk ɗaya ne. Gwani a wuri guda yana ganin iri biyu ko uku, ya ware maza da mata, ya san na bana da na bara, har ya nuna wanda bai kamata a same shi a nan ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa a rataye a wuya, ɗan littafi mai takardar da ruwa ba ya lalatawa, fensir domin tawada takan zuba in ta jiƙe, kyamara, dogayen takalman roba, da sanda. Sandar ba ta duka ba ce. A lokacin barbara kowane ƙaton namiji yana da filin da yake tsaro, ya yi makonni ba ci ba sha don kada wani ya ƙwace masa, kuma a kan duwatsu masu santsi ya fi mutum sauri. In ya taso, ma'aikaci ya miƙa sandar saitin gashin bakinsa, ya ja da baya a hankali ba tare da ya juya masa ƙeya ba. Cizonsa ba abin wasa ba ne: yana sa wani ciwo mai kumbura yatsa ya sandarar da shi, wanda a da har yanke yatsu ake yi saboda shi, sai daga baya aka gano maganin tetracycline na kashe shi. Shi ya sa abu na farko da ake koyo shi ne zama. Ka zo ta inda iska ba za ta kai musu ƙanshinka ba, ka rage tsawo, kada ka shiga tsakanin dabba da ruwa, ka samu dutse ka zauna har su manta da kai. Wanda ya afka musu da sauri, abin da zai samu gudu ne da turmutsitsi, manya su tattake ƙanana, littafinsa kuma ya koma babu komai.

Duba na farko kunne ne. Karnukan teku gida biyu ne manya. Akwai marasa kunnen waje, rami kawai gare su a gefen kai, ƙafafunsu na baya a miƙe suke ba sa lanƙwasuwa, don haka a tudu sai jan ciki. Irinsu ne giwar teku da ke kwanciya a gaɓar Marion, wadda namijinta kan kai tan uku. Akwai kuma masu ɗan kunne siriri a nannaɗe, waɗanda ke juyo ƙafafun baya su tako ƙasa, su dogara da hannuwan iyo su miƙe zaune, su yi tafiya da huɗu. Wanda ka gani ya ɗaga ƙirji yana hawa dutse, to na gida na biyu ne, kuma rabin tambayar ta amsu tun daga nesa.

Masu kunnen su ma kashi biyu ne: zakin teku, da karen teku mai laushin gashi, wanda shi ne namu. Bambancin yana ƙarƙashin gashin da ido ke gani. Mai laushin gashi riga biyu gare shi, dogon gashi mai kauri a sama, sannan wani gajere mai tsananin laushi a ƙasa, a cunkushe har ruwa ba ya ratsa shi ya taɓa fata. A irin da ke arewacin tekun Pasifik, an ƙiyasta sili kusan 300,000 a fili inci ɗaya tsawo da faɗi. Wannan rigar ta ciki ce ke tsare shi daga sanyi, ita ce kuma ta kusa ƙarar da shi daga duniya.

Iri tara ake lissafawa. Ɗaya shi kaɗai a arewa, yana haihuwa a tsibiran Pribilof na Alaska da na Commander na Rasha. Sauran takwas dangi ɗaya ne, kuma in ban da na tsibirin Guadalupe da ke yammacin Meziko, duk daga Galapagos suke zuwa kudu. Masu ceton dabbobi a gaɓar Kalifoniya, inda na arewa da na Guadalupe duka kan fito a galabaice, suna da wata alama mai daɗin koyo: a ɗaga hannun iyo a duba bayansa. A na arewa gashin yana tsayawa cak a wuyan hannu, layi miƙaƙƙe kamar an bi da aska. A na Guadalupe da duk danginsa na kudu gashin yana zarcewa ya hau kan hannun. Kallo ɗaya ya raba gardama.

A Marion ba a samu wannan sauƙin ba, domin iri biyun da ke haihuwa a can 'yan ɗaki ɗaya ne. Ma'aikata suna kiransu da guntun sunayensu na kimiyya: gazella, wato na Antatika, da tropicalis, na tsibiran da ke arewa da shi kaɗan. A mafi yawan wurare ba sa haɗuwa. Akwai wata iyaka a cikin teku da ta kewaye Antatika, inda ruwan sanyi na kudu ke karo da mai ɗan ɗumi na arewa ya nutse ƙarƙashinsa. Gazella ya fi zama kudu da wannan iyaka, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na irinsa a tsibirin Jojiya ta Kudu ake haifarsu. Tropicalis kuwa arewa da ita yake, a Gough da Tristan da Cunha da Amsterdam da Saint Paul. Sai wurare uku inda suke kwana gaɓa ɗaya: Marion da maƙwabcinsa Prince Edward, tsibiran Crozet, da Macquarie.

Manyan maza ba sa wahalarwa. Namijin tropicalis kamar an yi masa fenti: baya baƙi-baƙi, fuska da ƙirji ruwan ɗorawa mai ja-ja, iyakar launukan biyu a fili. A tsakar kansa kuma akwai tukku, wanda ke miƙewa tsaye in ransa ya ɓaci. Babu wani karen teku mai irin wannan ado. Namijin gazella ba shi da ko ɗaya daga ciki. Launinsa toka-toka ne mai duhu, gezarsa cike da furfura, ya fi ɗan'uwansa nauyi, yakan kusanci kilo 200, kuma gashin bakinsa ya fi na kowane karen teku tsawo, har an auna mai santimita 48. A Jojiya ta Kudu kusan ɗaya cikin dubu kan fito fari-fari mai ruwan zuma, ana hango shi daga nesa cikin baƙaƙen 'yan'uwansa.

Gwaninta tana farawa ne daga mata da matasa. Macen ba ta wuce kilo 50 ba galibi, ba geza, ba tukku. Macen tropicalis tana da hasken fuska da ƙirji irin na mijinta amma a dushe, macen gazella ma cikinta da ƙirjinta da haske-haske. Ga kuma ruwa: dabbar da ta fito daga teku yanzu gashinta a kwance yake, baƙi, yana ƙyalli, duk launi ya ɓace. Mai gaggawa nan take zai rubuta abin da ya fi zato. Gwani jira yake ta bushe, ko da zai ci rabin awa cikin iska, kuma kafin nan idonsa na kan abin da ruwa ba ya canzawa. Yana auna tsawon hannun iyo da tsawon jiki: na gazella dogo ne, na tropicalis gajere mai faɗi. Yana jira ta juya kai ya ga fuskar ta gefe, ya duba kunne, wanda a gazella ya fi tsawo da fitowa, ya duba ko hasken fuskar ya kewaye ido ya haura ko ya tsaya a ƙasa. Ba ya yarda da alama ɗaya. Sai uku ko huɗu sun yi baki ɗaya kafin fensir ya taɓa takarda.

Ƙasar da dabba ta zaɓa ma shaida ce. Tropicalis na son gaɓa mai manyan duwatsu, ta yamma inda iska da igiyar ruwa ke duka, wurare irin su Cape Davis da Mixed Pickle. Gazella ya fi son shimfiɗaɗɗen wuri mai tsakuwa da ciyawa a bayansa, kamar Watertunnel da ke kudancin tsibirin. Wannan ba hujja ba ce yankakkiya, domin dabba ba ta san an raba mata unguwa ba, amma tana gaya wa mai duba inda zai ƙara buɗe ido.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta kalanda. Duka biyun suna haihuwa ne a bazarar kudu, lokacin da mu muke cikin hunturu: gazella daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, tropicalis bayansa da 'yan kwanaki. Kwiyakwiyan duka baƙaƙe ake haifarsu. Amma uwar gazella wata huɗu kacal take shayarwa, kafin Afrilu ya ƙare ɗanta ya canza gashi ya faɗa teku, gaɓa ta yi tsit. Uwar tropicalis sai ta yi wata goma tana kai da komowa tsakanin teku da tudu. To, wanda ya ga kwikwiyo yana tsotso a watan Yuli ba ya buƙatar madubi. Kwanan wata ya riga ya faɗa masa sunan uwar.

Sai kunnen mai duba shi kansa. Uwa in ta dawo daga kiwo, cikin ɗaruruwan 'ya'ya da kira take neman nata, ɗan ya amsa, ta sansana shi ta tabbatar kafin ta ba shi nono. Ɗan wata in ya matso, cizo zai sha. A tsibirin Amsterdam wata masaniya 'yar Faransa, Isabelle Charrier, da abokan aikinta sun naɗi muryoyin iyaye suna sake kunna wa jarirai, suka nuna a 2001 cewa kwikwiyon tropicalis na haddace muryar uwarsa cikin kwana biyu zuwa biyar, kuma uwar ba ta tafiya teku sai ya haddace. Kiran iri biyun ya bambanta, haushin mazansu ma haka. Wanda ya kwashe watanni a gaɓa yakan san mazauna wani lungu tun kafin ya leƙa shi.

Matacce ma ba a wuce shi. Ƙoƙon kai shi ne alƙalin ƙarshe na masanan da, kuma da kwatanta ƙoƙuna ne Charles Repenning da abokansa biyu suka tsara dangin kudu zuwa iri takwas a 1971. Ana buɗe baki a duba haƙoran da ke bayan fiƙa. Na gazella ƙanana ne ainun, da giɓi tsakaninsu, na can ƙurya kamar ba su gama fitowa ba. Fiƙar kanta ana cire ta a yanka, domin kowace shekara tana ƙara sabon layi, a ƙirga a san shekarun mai ita. Victor Scheffer ne ya bayyana wannan a 1950 a kan irin arewa, kuma har yau ana aiki da shi.

Akwai aikin da ba mai son a ɗauke shi hoto yana yi: tsintar kashi. A zuba kowanne a leda daban, a rubuta wuri da rana, a kai tasha a wanke a rariya. Abin da ake nema wata 'yar farar tsakuwa ce da ke cikin kunnen kifi, wadda ciki ba ya saurin narkarwa. Kowane irin kifi da siffar tasa, girmanta kuma na nuna girman kifin. A Marion yawanci na wasu ƙananan kifaye ne masu walƙiya a jiki, waɗanda ke tasowa sama da dare. A Jojiya ta Kudu kashin ja-ja yake fita saboda kiril, ƙananan jatan landen da gazella ke rayuwa a kansu a can. Daga nan ake gane abin da ya riƙe dabba a inda take. Don sanin inda take zuwa kuwa, a kama uwa da raga, a auna ta a sikeli, a manna mata 'yar na'ura a gadon baya da gam mai ƙarfi, tauraron ɗan'adam ya riƙa kawo labarinta. In ba a sake kama ta an cire ba, na'urar da kanta za ta faɗi ranar da ta zubar da gashi.

Ƙidaya kuma da dabararta. Manya ba sa ƙirguwa, domin kowane lokaci wasu na teku. Kwiyakwiyai ake ƙirgawa, a ƙarshen lokacin haihuwa, sa'ad da kusan duka sun fito amma ba su iya iyo mai nisa ba. Ma'aikaci na riƙe da 'yar na'urar latsawa, irin dai wadda wasu ke tasbihi da ita, yana bin gaɓa taku-taku, yana leƙa ƙarƙashin kowane dutse, matattu kuma lissafinsu daban. Da yake a cikin manyan duwatsu da yawa kan ɓuya, sai a ƙara da wata hikima. A ce an kama 200 an ɗan aske musu gashin kai aka sake su suka gauraya da sauran. Washegari aka duba 300, aka samu 60 masu aski. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan, don haka waɗancan 200 su ne ɗaya bisa biyar na duka, jimla 1,000. Daga yawan 'ya'ya ake lissafo yawan garken gaba ɗaya. A gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, inda karen teku na Cape ke taruwa dubbai a wurare irin su Cape Cross, daga jirgin sama ake ɗaukar hoto tun farkon shekarun 1970, sannan wani ya zauna ya bi baƙaƙen ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa duk wannan wahala? Tarihin dabbar ne ya wajabta. Bayan Kyaftin Cook ya ba da labarin Jojiya ta Kudu a 1775, mafarautan fata suka yi mata ca. James Weddell, wanda shi ma sana'arsa ke nan, ya ƙiyasta a 1825 cewa an kwashe fata miliyan 1.2 daga wannan tsibiri kaɗai. Gazella ya kusa ƙarewa, sai a shekarun 1930 aka sake ganin 'yan tsiraru suna haihuwa a ɗan tsibirin Bird, kuma daga nan suka hayayyafa zuwa miliyoyi. Na Guadalupe an fid da rai da shi sai aka sake gano shi a 1954, na Juan Fernandez a 1965. Mafarautan nan sun iya lissafi, kowace fata a rubuce take, amma ba su damu da sanin abin da suke kashewa ba. An gano Macquarie a 1810, cikin shekara goma aka share karnukan tekunsa kaf, kuma har yau masana ba su da tabbacin wane iri ne ya zauna a can tun asali.

Yau iri uku ne a Macquarie: gazella, tropicalis, da na New Zealand, duk zuwa suka yi daga baya. Kuma suna auratayya. Gwajin DNA da aka wallafa a 2006 ya nuna tsakanin kashi 17 zuwa 30 cikin 100 na kwiyakwiyan da ake haifa a can ruwa biyu ne. Har muryarsu tsaka-tsaki take fita tsakanin ta iyayen. A nan ido ya kai iyakarsa. Namiji ne ga ɗan hasken ƙirji amma babu tukku, ko ga tukku ga dogayen hannuwa. Ma'aikacin kirki yana da gurbi a littafinsa na wanda ba a tantance ba, kuma ba ya jin kunyar cika shi. Ya ɗauki hoto, in da hali ya ɗebi ɗan ƙanƙanin fata a saka a kwalba, ɗakin gwaji ya yanke hukunci. A ganina wannan gurbin shi ke bambanta littafin da za a dogara da shi bayan shekara hamsin da wanda aka cika don a koma bukka a sha shayi.

Kuskuren wuri ma ya daɗe. John Edward Gray ya raɗa wa tropicalis suna a 1872 daga wani samfur da aka ce daga arewacin Ostireliya ya fito, sai dabbar tsibiran sanyi ta tashi da sunan ƙasashen zafi, kuma ya bi ta har yau. Ɗan'uwansa ya fi sa'a, sunan jirgin Jamus, Gazelle, da ya ɗauko shi daga tsibirin Kerguelen ya gada. Gaskiya ne tropicalis mayawaci ne. Matasansa kan ɓulla a gaɓar Burazil da Afirka ta Kudu da Madagaska, kuma a 2015 masunta sun kama ɗaya a gaɓar Kenya suka sake shi. Irin wannan labari ba ya shiga kundi sai da shaida: rana, wuri daidai, hoton kai ta gefe, hoton ƙirji, hoton hannun iyo a shimfiɗe, da wani abu a kusa da zai nuna girma. Hoton baya daga nesa, wanda shi aka fi ɗauka, ba ya amfanar kowa. Ko an tabbatar da irin, ɗigo ɗaya ake sa masa a taswira, ɗigon baƙo mai wucewa. Ba a shafa wa gaɓa launin mazauni sai an ga uwa tana shayar da ɗan da ta haifa a wurin, an kuma dawo baɗi an sake gani.